Shawarwari Ga Mai Zuwa Sayen Kayan Gyaran Mota

Gidan da yake da mota, ko babur, ko A-daidaita-sahu da ake jiran balas ɗinta kowace yamma, ba makawa sai ya yi hulɗa da masu sayar da kayan gyara. A Kano Ƙofar Ruwa ake nufa, a Kaduna Panteka, a Abuja kuwa Apo. Da yawa daga cikin kayan da ke jere a waɗannan wurare ta Legas suka biyo, inda kasuwar Ladipo take, wasu kuma daga Nnewi ta jihar Anambra, garin da ya daɗe da yin suna a wannan fatauci.

Mafi yawan masu tsaron shagunan nan ba a aji suka koyi sana'ar ba. Yaro ne zai yi shekaru a hannun ubangidansa, ɗauko wannan, mayar da wancan, har idonsa ya kai ga gane boris ɗin Golf tun daga nesa. Ilimi ne na gaske, bai cancanci raini ba. Sai dai yana da iyaka. Ya fi ƙarfi a kan motocin da suka cika titi, yana kuma yin rauni da zarar an zo kan kayan lantarki, ko man giya, ko motar da ba a saba gani ba. Ga shi kuma ba kowa ne zai iya buɗe baki ya ce "ban sani ba" alhali yana kallon kuɗi a hannun mai saye. Saboda haka wanda ya je sayayya yana bukatar ya iya auna sanin wanda ke gabansa, ya kuma taho da abin da zai cike inda sanin ya gaza.

1. Kada ka bar gida sai da lambar shasi.

"Ba ni takalmin birkin Camry" rabin magana ce. Camry ta 2002 zuwa 2006, wadda ake ce wa Big Daddy, akwai mai filogi huɗu, akwai mai shida. Akwai wadda aka haɗa a Japan, akwai wadda aka haɗa a Kentucky ta Amurka, kuma ba duk kayansu ne ke shiga juna ba. Corolla ta wajen 2003 da ta fito daga Amurka injinta 1.8 ne, 'yar'uwarta ta Turai kuwa yawanci 1.4 ko 1.6 ce, ga kuma bambancin jiki. Honda Accord ma, fitilun bayan ta 2006 daban suke da na ta 2003. Sunan da mota ta samu a bakin mutane ba kullum yake raba waɗannan ba, lambar shasi ce ke rabawa.

Tun daga 1981 lambar nan take da haruffa da alƙaluma 17. Za ka same ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ko a jikin ginshiƙin ƙofar direba, da kuma cikin takardun mota. Babu haruffan I da O da Q a cikinta, don haka abin da ya yi maka kama da O sifili ne. Farkonta yana faɗin inda aka ƙera motar: J Japan, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, W Jamus, K Koriya ta Kudu, VF3 kuwa Peugeot ce ta Faransa. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka da Kanada, gurbi na goma shi ne shekara: Y na nufin 2000, daga 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, A kuma 2010, B 2011, haka dai. Wannan gurbi na goma yana tona asiri, domin akwai motoci birjik da aka sauya musu fitilu da bamba aka sayar da su da sunan wata shekara ta gaba. Mai irin wannan mota zai yi ta sayen kayan da ba sa shiga, yana zargin 'yan kasuwa, alhali shekarar da ya riƙe ce ba daidai ba.

Ka ɗauki hoton lambar a waya, ka kuma tura wa uwargida da direba su ajiye. Idan an taɓa sauya wa motar inji, wannan ma a sani, domin a lokacin lambar shasi ba za ta yi daidai da abin da ke ƙarƙashin bonet ba.

2. Tafi da tsohon kayan a hannu.

Gani ya kori ji. In abin da ya lalace mai cirowa ne, a ciro shi a naɗe a leda. A gaban mai shago ka jera tsoho da sabo: ramukan noti nawa ne kuma a ina suke, soket ɗin waya nawa ke shiga cikinsa, haƙora nawa, tsawon bel ɗin ɗaya ne? Ƙarfe biyu na iya yin kama kamar an tsaga kara, amma ɗaya soket ɗinsa baki uku, ɗaya baki huɗu.

Ka goge maiƙon jikin tsohon ka nemi lambarsa. Ta Toyota guda goma ce, biyar da biyar, da ɗan layi a tsakani. Ta Honda kashi uku ce, biyar, uku, uku. Kamfanoni kan sauya lambar kaya bayan wasu shekaru, to in ta sabon ta bambanta ba lallai ne a ce kuskure ne ba, amma mai shago ya yi maka bayanin dalili. Wanda ya san aikinsa zai duba a waya ya nuna maka cewa sabuwar lambar ta maye gurbin tsohuwar. Wanda ya ce "rabu da lamba, Alhaji, ai kamfani ne kawai ke rubutunsa", ka rabu da shi.

3. Ka lura da tambayoyin da yake yi maka kafin ya faɗi farashi.

A nan ake gane shago. Ka ce kana neman famfon mai, sai ka ji an ce: "Wace shekara ce, Malam? Filogi nawa? 'Yar Amurka ce ko 'yar Turai? Gaba ɗayansa kake so ko injin cikin kawai?" Wannan mutumin ya sha mayar da kaya a baya, ba ya son ya sake. Wanda kuwa kafin ka rufe baki ya riga ya miƙa hannu kan kanta ya ce "dubu kaza", ko dai gwani ne na ƙarshe, ko kuma bai damu ba. Na biyun ya fi yawa.

Akwai kalamai uku da in ka ji su sai ka ƙara riƙe aljihu: "duk ɗaya ne", da "zai shiga", da "bakanikenka zai yi masa dabara". Dabara tana da wurinta a gyaran mota, da ita ce tsofaffin Peugeot 504 suka kai har yau suna ɗaukar kaya zuwa kasuwannin ƙauye. Amma sabon kayan da ka biya kuɗinsa cif, in sai an fiƙe shi ko an yanke waya an ƙulla kafin ya zauna, to ba na motarka ba ne.

Kana iya gwada mai shago da tambayar da ka riga ka san amsarta. Misali, Camry da Accord na shekarun da aka ambata, masu filogi huɗu, sarƙa ce ke haɗa sama da ƙasan injinsu, masu filogi shida kuwa bel ne. Ka tambayi bel ɗin taimin na mai filogi huɗu. Mai sani zai yi dariya ya ce ai wannan sarƙa gare ta. In kuwa ya shiga ciki ya fara lalube, ka samu amsa. Ba don ka kunyata kowa ba ne, kuma ba sai ka faɗa masa ya faɗi jarrabawa ba. Ka yi godiya ka ƙara gaba.

Wanda na fi amincewa da shi a kasuwa shi ne yaron da zai ce, "Wallahi ban tabbatar ba, bari in kira maigida." Minti biyar ɗin da za ka jira sun fi zirga-zirgar yini guda tsakanin gareji da kasuwa. Haka wanda zai ce maka ba shi da kayan, ya kuma nuna maka layin da ake samu. Shi kuwa mai cewa "zauna, yanzu za a kawo daga sito", sau da yawa siton nan shagon maƙwabci ne, kuma zai ɗora nasa a kai. Wannan al'adar kasuwa ce, ba laifi ba ne, sai dai ka tambaya tun da wuri: in kayan ya ba da matsala, wurin wa za a dawo?

4. Kada ka mai da mai shago mai gano cuta.

Mai shagon kayan gyara kamar mai kyamis ne: ya san magunguna, yana kuma son ya sayar, amma bai duba marar lafiyar ba. Ka ce masa mota tana shaƙewa da safe, zai ce filogi ne. An sauya bai yi ba, zai ce kwayil. Daga nan nozul, daga nan famfon mai. Kowanne cikin waɗannan yana iya jawo shaƙewa, shi ya sa ba za ka ce ya yi ƙarya ba, amma da kuɗinka ake wannan canke.

Motocin da aka yi wa Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike. Yanzu har wasu shaguna suna da ita, suna jona maka kyauta don ka saya a wurinsu. Yana da kyau, amma a fahimci abin da na'urar take faɗa. Lamba kamar P0300 cewa take yi wuta na tsallake a inji, ba ta ce filogi ya mutu ba. P0171 cewa take yi iska ta rinjayi mai, kuma dalilin na iya zama wata 'yar robar iska da ta tsage, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Da yawa an sayi sabuwar na'urar da ke auna hayaƙi saboda irin wannan lamba, alhali ita na'urar gaskiya ta faɗa. Ka rubuta lambar da ta fito kafin a goge ta, ka kai wa bakanike ko mai wayarin da zai gwada kafin ya ce a saya.

Wata shawarar da ake bayarwa kyauta a kasuwa da gareji, wadda ban taɓa yarda da ita ba, ita ce a cire tamostat a jona fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. In mota tana zafi, a duba lagireto da famfon ruwa da fanka da murfin lagireto.

5. Ka sa ya faɗi matakin kayan da bakinsa.

Kowa a kasuwa orijina yake sayarwa, in ka biye wa baki. A zahiri matakan sun kai huɗu. Akwai wanda ya zo a kwalin kamfanin motar. Akwai na kamfanonin da su ne ke ƙera wa masu motar kayan tun farko, suna kuma sayarwa da sunansu: Denso da Aisin da NGK da KYB ga motocin Japan, Bosch ga da yawa daga na Turai. Wannan mataki na biyu shi ne sau da yawa ya fi dacewa da aljihun iyali, inganci kusan ɗaya, kuɗi ƙasa. Sai na kamfanoni masu zaman kansu daga Chana da Taiwan da Indiya da Turkiyya, waɗanda a cikinsu akwai na ƙwarai akwai na banza. Na ƙarshe shi ne jabu: kaya marar kyau a cikin kwali mai ɗauke da sunan babban kamfani.

Ɗan Chanan da ya zo da sunansa na gaskiya ya fi mini jabun da ya ari sunan Japan, domin na san abin da na saya. Mai shago na kirki zai baje maka biyu ko uku ya ce wannan kaza ne, zai yi maka kamar shekara, wannan kuwa ya fi tsada amma za ka manta da shi. Ka tambaye shi kai tsaye: "Tsakaninka da Allah, wanne za ka sa wa motarka?" Filogi da filtar baƙin mai da takalmin birki suna cikin abin da aka fi yi wa jabu. Ka duba rubutun kwali ko ya dushe ko harafi ya karkace, ka duba ko an taɓa buɗe shi. In an ce filogi mai bakin iridiyom ne amma kuɗinsa bai wuce na gama-gari ba, ai araha ba ta ado.

Kayan Beljiyam kuwa, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, suna da gurbinsu. Ƙofa, bamba, fitila, madubi, kik, altaneta, giya, har inji sukutum, sau da yawa na Beljiyam mai kyau ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Amma abin da aikinsa shi ne ya cinye, kamar takalmin birki da bel da filta da boris da robobin ƙafa, sabo ake saye. Musamman bel ɗin taimin. A mota irin Peugeot 406, in ya tsinke ana cikin tafiya, fistin kan daki bawul, gyaran bel ya koma gyaran inji. A kuma yi hattara da kayan da aka ciro daga motar da ta gaji a nan gida, aka wanke da fetur aka fesa fenti aka ce yanzu aka sauke daga kwantena. Ƙamshin sabon fenti a jikin tsohon ƙarfe abin tambaya ne.

6. A kan mai da ruwaye, littafin mota ya fi kowa gaskiya.

Nan ne sanin kasuwa ya fi rauni, nan ne kuma kuskure ya fi tsada. Har yanzu akwai masu miƙa 20W-50 ga kowace mota, da hujjar cewa mai kauri ya fi jure zafi. Tsofaffin injuna sun saba da shi. Amma da yawa daga injunan bayan 2000 an tsara su ne da mai marar kauri kamar 5W-30 ko 5W-20, kuma a motocin Amurka sau tari an rubuta shi a kan murfin da ake zuba man. Ka karanta da idonka.

Man giyar atomatik ya fi wannan haɗari. Jan launi ba shi ne shaida ba. Toyota tana da T-IV, tana da WS, kuma a wasu motocin an zana sunan a jikin sandar auna man. Honda tana da nata, DW-1, wanda ya gaji Z1. Motoci masu giyar CVT, kamar yawancin Corolla 'yan Amurka daga 2014 da Accord mai filogi huɗu daga 2013, nasu man daban ne gaba ɗaya, kuma zuba musu na atomatik na gama-gari yana kashe giya. Duk wanda ya ce maka galan ɗaya na yi wa kowace giya, ka tambaye shi ko zai biya kuɗin giyar.

Man birki DOT 3 ne ko DOT 4 a yawancin motoci, an kuma rubuta a murfin tulunsa. DOT 5 wani abu ne daban, ba a haɗa shi da su. A sayi wanda bakinsa ke liƙe, domin man birki yana zuƙar danshi in ya zauna a buɗe. Iskar AC ta mafi yawan motocin da ke titinmu R134a ce. A guji wadda ba a san asalinta ba, akwai masu kama wuta a cikinsu.

7. Taya da batir suna da ranar haihuwa, ka karanta da kanka.

A gefen taya, bayan haruffan DOT, alƙaluma huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Taya na tsufa ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba, kuma jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC suna duba wannan lamba a hanya. Girman da ya dace da motarka, irin 195/65 R15, yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba tare da yawan iskar da za a ba ta. Taya mai hoton dutse da ƙanƙara a gefenta ta lokacin hunturun Turai ce, robarta mai taushi, ba a yi ta don kwaltar Sakkwato a watan Afrilu ba.

Batir kuwa a sa masa mita a gabanka. Cikakke yana nuna kusan 12.6, wanda ya sauka ƙasa da 12.4 ya daɗe a kanta. A duba ɓangaren da kan jan waya yake, dama ko hagu, don kada waya ta gaza kaiwa. Kafin ma a saya, a gwada cajin motar tana kunne, ya kamata a ga wajen 14. In altaneta ce ba ta caji, sabon batir ma kwana kaɗan zai yi. Tsohon kuma kuɗi ne, ana rage maka farashi in ka bar musu shi.

8. A gama maganar mayarwa kafin kuɗi ya bar hannunka.

Tambayoyin ba su da yawa. In bai shiga ba, za a karɓa? Kuɗi za a mayar ko musanya? Kwana nawa aka ba ni in gwada? Kayan lantarki kamar ƙwaƙwalwar mota da kwayil, shaguna da yawa ba sa karɓarsu bayan an jona, kuma suna da hujja, domin wayarin da ya lalace yana iya ƙona sabon kaya cikin daƙiƙa. In haka ne, a kawo motar kusa a gwada a gabansu. Inji da giya na Beljiyam ana ba da kwanakin gwaji, amma kwanakin sun bambanta daga shago zuwa shago. A faɗe su a fili, a kuma fayyace ko daga ranar saye ake ƙirgawa ko daga ranar da aka ɗora.

Duk abin da aka amince a rubuta shi a rasit mai sunan shago da lambarsa da kwanan wata. A sa sunan kayan da kamfaninsa da lambarsa, kada a bar shi a "kayan mota". Masu Beljiyam kan yi wa kayansu alama da fenti don kada a musanya musu. Kai ma ka ɗauki hoton alamar. In tiransifa za ka yi, ka tabbata asusun na shagon ne ko na maigidan, ba na wani yaro da gobe za a ce ya tafi garinsu ba.

In rigima ta taso, mataki na farko maigidan shago ne, cikin lalama, domin sau da yawa bai san abin da yaronsa ya yi ba. Na biyu shugabannin layi ko ƙungiyar kasuwar. Suna da iko a kan 'ya'yansu fiye da yadda baƙo yake zato, kuma ba sa son sunan layinsu ya ɓaci. In abin ya gagara, akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC da ke aiwatar da ita, wadda ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi ko da an rubuta a rasit cewa ba a mayarwa. Jihohi irin su Kano ma suna da tasu hukumar. Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da wannan haƙƙi ga wanda aka ɓoye wa aibin haja, kuma tuna wa ɗan kasuwa mai tsoron Allah hakan kan wadatar.

9. Ka san inda la'ada take shiga.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa bakanike kan samu wani abu daga shagon da ya kai ciniki. Wani lokaci ma har a rubuta masa rasit mai farashi sama da wanda ya biya. Hanyar rage wannan ba ita ce zargi ba. Ka biya shi kuɗin aikinsa da kyau, ka ƙara masa na zuwa kasuwa, sannan ka nemi ya haɗa ka da mai shagon a waya ka biya kai tsaye. In kai ka sayo kayan ba da saninsa ba, ka shirya jin "ai kayan da ka kawo ne ba su da kyau" duk ranar da wani abu ya faru. Shi ya sa ya fi kyau ku zaɓa tare, shi da ido, kai da aljihu.

'Yan kayi-nayi da ke tare mutum tun daga bakin kasuwa da "Alhaji me ake nema?" su ma abincinsu suke nema, kuma wasunsu sun san kasuwar lungu-lungu. Amma ba su da shago, ba su da rasit. In za ka bi ɗayansu, ya kai ka har cikin shagon, ka yi ciniki da mai kayan baki da baki.

10. In aike za a yi, a yi shi da hoto.

Ba kullum maigida ke samun zuwa ba. Direba ne, ko ƙane, ko ɗa. A tura masa hoton lambar shasi da na tsohon kayan ta WhatsApp, shi kuma ya turo hoton sabon da kwalinsa kafin ya biya. Haka in daga Legas ko Nnewi za a sa kayan a mota: hoto da bidiyo tukuna, a kuma amince a kan wanda zai biya kuɗin mota in an yi kuskure.

Mata masu motar kansu sun ƙaru, kuma wasu 'yan kasuwa da zarar sun ga mace sai farashi ya tashi, bayani ya ragu. Hajiya, ba sai kin iya kwance inji ba. Ki faɗi shekarar motarki da girman injinta, ki miƙa lambar kayan, ki tambayi kamfanin da ya yi shi. Daga nan za ki ga muryar ta sauya. Shagon da ya amsa miki da "bari mai gidan ya zo mu yi magana" ya nuna ba ya bukatar kuɗinki.

11. In ka samu shago na ƙwarai, ka riƙe shi, ka kuma riƙe littafi.

Yawo daga shago zuwa shago don ragin ɗari biyar yana hana ka zama sananne a ko'ina. Wanda ya san ka, ya san motarka, shi ne zai karɓi kaya ba gardama, ya kira ka in mai kyau ya iso, ya kuma ɗaga maka ƙafa zuwa ƙarshen wata. Duk da haka ka riƙa jin farashi a wuri biyu ko uku lokaci-lokaci, musamman da yake kuɗin kaya na bin canjin dala. Kasuwa kuma ta rarrabu: mai Toyota daban, mai Peugeot daban, mai kayan Bajaj da TVS daban. Ka je wurin wanda motarka ce abincinsa.

Ƙaramin littafi a aljihun mota ya isa: kwanan wata, abin da mita ta nuna, kayan da aka sa, kamfaninsa, shagon, kuɗin. Bayan shekara guda littafin zai gaya maka wane takalmin birki ne ya yi wata uku, wanne ya yi goma, da kuma shagon da kowanne ya fito.

12. Abin da ya rage bayan gyara.

Ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire, su ne shaidar cewa an sauya su. Amma kada su zauna inda yara ke wasa. Tsohon batir dalma ce da ruwan asid. Ruwan lagireto mai launin kore ko ja yana da ɗan zaƙi a baki kuma guba ne, haka man birki. Kada a juye ragowarsu a robar lemo ko ta ruwan sha, a bar su cikin mazubinsu a ɗora sama. Baƙin man da aka juye daga inji a bar shi a gareji, akwai masu saye. Kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya.